Awartakin da Ba Ya Saki: Sinadaran Masana'antun Kano da Makomar Koginmu

Jawabin da ɗaya daga cikin 'ya'yan ƙungiya, tsohon ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje na masana'anta, ya gabatar a babban taron shekara-shekara

 

Gabatarwa

Lokacin da kwamitin shirye-shirye ya aiko mini da takardar gayyata, an bar mini zaɓin abin da zan yi magana a kai. Na san al'adar wannan dandali ita ce a tattauna batun makaranta, ko asibiti, ko hanyar da ta haɗa mu da babban titi, kuma dukkansu sun cancanci a tattauna su. To, amma ni shekara 30 da 'yan kai na yi ina auna ruwa da sinadarai a kamfanonin fata da na saƙa, saboda haka na ga ya fi dacewa in kawo wa gida abin da na sani, maimakon in yi shisshigi a fagen da ba nawa ba.

Dukkanmu mun san yadda kogin nan yake a da. A cikinsa muka koyi iyo, a gaɓarsa iyayenmu suka yi lambu, kuma da kuɗin kifinsa da tumatirinsa aka biya wa da yawa daga cikinmu kuɗin makaranta. Yau idan rani ya tsananta, ruwan yakan sauya launi, wani lokaci har da wari. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Abubuwan da suka tsamar da namu suna da yawa, amma a yau zan ɗauki guda ɗaya, wanda ido ba ya ganinsa, hanci ba ya jin warinsa, kuma ba a cika ambatonsa ba ko a tarurrukan masana muhalli. Na zaɓe shi ne domin maganinsa yana hannun mutane irinmu: masu odar kaya, da ma'ajiya, da 'yan kasuwar sinadarai, da manajoji, da ma'aikatan gwamnati.

Hanyar da ruwan yake bi

Kafin mu shiga batun sinadarai, ya kamata mu bi sawun ruwan tukuna. Manyan unguwannin masana'antu na Kano uku ne. Bompai ita ce dattijuwarsu, tun zamanin Turawa, kuma dagwalonta yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara, daga nan ya zarce madatsar Wasai da ke ƙaramar hukumar Minjibir. Dagwalon Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya gangara Kogin Challawa. Ita kuwa unguwar masana'antu ta Challawa, da ke ƙaramar hukumar Kumbotso, a bakin kogin take. A wajen Tamburawa Kogin Challawa yake haɗuwa da Kogin Kano, wanda ya biyo ta madatsar Tiga da aka kammala a 1974, sannan su zama ɗaya su ratsa Wudil da Ringim da Haɗejiya, har fadamun Haɗejiya da Nguru, har Komadugu Yobe mai nufar Tafkin Chadi.

Ke nan abin da aka zubar a kwata a Sharaɗa da safe, ba da jimawa ba yana ƙofar gidanmu. Kada kuma mu mazauna birni mu ɗauka mun tsira. Matatun ruwan famfo na Challawa da Tamburawa a kan waɗannan koguna suke, kuma latas da kabeji da karas da ake nomawa a gaɓar koguna da rafukan nan su ne suke komawa kasuwar 'Yankaba, mu saya mu kai wa iyali.

Ba ina kiran a rufe masana'antu ba ne. Jima da rini sana'o'in gado ne a Kano. Karofin Ƙofar Mata ana danganta kafuwarsa da shekarar 1498, kuma Bajamushen nan mai yawon buɗe ido, Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya yi mamakin yawan rinannun tufafi da kayan fata da ake fitarwa daga birnin. Masaƙu da yawa sun durƙushe tun daga ƙarshen shekarun 1990, kuma mun ga irin zaman banza da talaucin da hakan ya jawo. Waɗanda suka rage, musamman kamfanonin fata, muna son su rayu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Mene ne sinadarin awartaki?

Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san awartaki, abin da maƙeri yake damƙo jan ƙarfe da shi daga wuta. Akwai wasu sinadarai da aikinsu ke nan a cikin ruwa. Ruwa, komai tsabtarsa a ido, yana ɗauke da narkakkun ma'adinai irin su kalsiyam da maganiziyam da baƙin ƙarfe da tagulla. Su ne suke hana sabulu kumfa, suke barin farin ɓawo a gindin buta. A masana'anta ɓarnarsu ta fi haka: sukan sa rini ya fito dabbare-dabbare, su bar baƙaƙen tabo a jikin fata, su lalata sinadarin da ake faranta yadi da shi har ya huda zaren, su toshe bututun tukunyar tururi. Idan aka zuba irin wancan sinadari, sai kowace ƙwayarsa ta damƙe ƙwayar ƙarfe ɗaya ta ko'ina, ta hana ta taɓa komai. Masana biyu na Ingila, Morgan da Drew, su suka raɗa wa wannan damƙa suna a 1920, daga kalmar Girkanci mai nufin hannun ƙaguwa. Ni a wannan jawabi zan kira su sinadaran awartaki.

Sarkinsu shi ne wanda ake taƙaita sunansa da haruffan EDTA. Yana da yatsu shida da yake riƙe ƙarfe da su, shi ya sa riƙonsa ba na wasa ba ne. Tarihinsa yana da ban sha'awa. Wani masani mai suna Ferdinand Münz ne ya haɗa shi a Jamus a 1935, a kamfanin IG Farben. A lokacin, masu rini a Jamus da sinadarin tsamin lemo suke tausasa ruwa, wato irin tsamin da ke cikin lemon tsami, kuma daga waje ake shigo da shi. Ƙasar tana son rage dogaro da kayan waje, sai aka nemi madadi da za a iya haɗawa a gida. Ku riƙe wannan labari, domin za mu dawo kansa. EDTA yana da ƙane da ake kira DTPA, wanda ake yawan amfani da shi wajen faranta takarda da yadi, sannan akwai wani dangi da ake kira fosfonet.

Adalci ne in ce waɗannan sinadarai sun yi wa ɗan Adam hidima. Ana samun EDTA a sabulu da man shafawa da takin zamani, har da kwalbar da ake ɗibar jini a asibiti. A shekarar 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, da irin waɗannan sinadarai ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar dubban yara, domin sukan damƙo dalmar daga jini su fitar da ita ta fitsari. Kazalika shi kansa EDTA ba guba ne mai tsanani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masa iyakar miligiram 0.6 a kowace lita ta ruwan sha, alhali iyakar kuromiyam miligiram 0.05 ce kacal.

Inda gizo yake saƙa

Matsalarsa ita ce ba ya ruɓewa, kuma ba ya saki. Ku tuna bambancin ganye da leda. Iyayenmu mata sun yi shekaru suna ƙulla alala da daddawa a ganye, a yar a juji, kafin damina ta wuce ya zama taki. Da leda ta zo kowa ya yaba sauƙinta, ga shi yau ta cika gonaki da magudanai, har cikin tumbin awaki. EDTA ledar ruwa ne. Ƙananan halittun da suke cinye ƙazanta a kogi da a matatar dagwalo ba su cika iya narkar da shi ba, sai a wani yanayi na musamman da ba kowace matata take da shi ba. Hasken rana yana iya wargaza shi idan baƙin ƙarfe ya riƙe, amma rana ba ta ratsa ruwan da rini ya turɓune, balle ruwan da ya nutse ƙarƙashin ƙasa ya nufi rijiyoyi.

Don a gane illar wannan, sai mu duba jimar zamani. Kakanninmu da bagaruwa suka yi jima. A yau kuwa kimanin kashi 80 cikin 100 na fatun duniya da gishirin kuromiyam ake jeme su, kuma a tsarin da aka saba, kimanin kashi 30 cikin 100 na kuromiyam ɗin ba ya kama fata, yakan fita tare da ruwa. Hanyar kama shi ba ta da wuya. Ana zuba wa ruwan farar ƙasa ko hodar maganiziyam, sai kuromiyam ya dunƙule ya kwanta a ƙasa ya zama laka mai launin tsanwa-tsanwa, kamar yadda alimun yake kwantar da dauɗar ruwan randa. A tsiyaye na sama, a kwashe lakar, har ma a sake narkar da ita a yi wata jimar. Amma ƙarfen da awartaki ya riga ya damƙe ba ya kwanciya. Yakan ratsa matata ya fita abinsa, kamar ba a kashe ko kwabo wajen gina ta ba.

Wannan ba a littafi kaɗai na karanta ba. A wani kamfanin fata da na yi wa aiki, wanda ba zan ambaci sunansa ba, mun gina ramin kwantar da kuromiyam, muna alfahari da shi. Amma duk lokacin da na auna ruwan da yake fita, sai in tarar da kuromiyam fiye da yadda lissafi ya nuna. Na ƙara farar ƙasa, na ƙara lokacin kwanciya, na zargi leburori da sakaci, har na yi wa wani dattijo faɗan da har yau nake jin kunyarsa. Bayan watanni sai hankalina ya kai kan wani farin gari da muke zubawa a gangunan rini domin tausasa ruwan burtsatse. Sunan kasuwa kawai aka rubuta a jikin buhun. Na ɗebi ruwan jima a kwalabe biyu, na barbaɗa garin a ɗaya, na ɗumama su. Nan take mai garin ya koma launin shunayya. Da na zuba musu farar ƙasa, ɗayan ya kwanta ya yi garau, mai shunayyar kuwa ko gezau. Na nemi takardar bayanin kayan daga dillali, sai ga shi EDTA ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ni ne nake sa hannu a takardar odarsa shekara da shekaru, kuma ruwan ƙofar gidan mahaifina yake wucewa.

Illar ba ta tsaya a matata ba. Ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyam da tagulla, idan sun shiga kogi, yawancinsu sukan maƙale a laka su kwanta. Awartakin da yake yawo a ruwa yana iya tayar da su, ya ɗauke su zuwa gaba. Bugu da ƙari, masana sun daɗe da gano cewa idan aka zuba EDTA a ƙasa mai dalma, tsiro yakan zuƙi dalmar ninkin ba ninkin, har ma an gwada yin haka da gangan domin share gurɓatattun filaye. Abin da ake nema a filin da za a share, musiba ne a lambun alayyafo.

Ina so a fahimce ni da kyau. Manyan abubuwan da suke gurɓata koginmu su ne kuromiyam, da sinadarin tuge gashin fata mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, da gishiri, da rini, da tarkacen nama da kitse. EDTA kaɗan ne a kansu wajen yawa. Muhimmancinsa shi ne yana warware aikin da ake yi domin kama sauran. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Madadin da ake da su

Turai ta riga mu cin karo da wannan matsala. Da aka riƙa samun EDTA a Kogin Rayin da sauran kogunan da ake sha, gwamnatin Jamus da masu masana'antu suka ƙulla yarjejeniya a 1991 cewa za a rage yawansa a ruwa da rabi. Daga baya Tarayyar Turai ta taƙaita sinadarin fosfet a sabulun wanki daga 2013, da na injin wanke kwanuka daga 2017. Waɗannan matakai suka tilasta wa kamfanoni neman awartakin da zai yi aikinsa, sannan ya ruɓe.

Akwai ma'aunin da duniya ta amince da shi, wanda ƙungiyar OECD ta tsara, mai lamba 301. Ana haɗa sinadari da ƙananan halittu na tsawon kwana 28. Idan sun cinye aƙalla kashi 60 ko 70 cikin 100, gwargwadon salon gwajin, sai a ce mai saurin ruɓewa ne. EDTA da DTPA ba sa cin wannan jarrabawa. Ga waɗanda suke ci.

Na farko shi ne MGDA, wanda kamfanin BASF yake sayarwa da sunan Trilon M. Yana jure zafi da ruwa mai kaifin kanwa, shi ya sa ya dace da wanki da rini. Na biyu shi ne GLDA, wanda kamfanin Nouryon yake sayarwa da sunan Dissolvine GL. Iyayenmu mata za su yi mamaki idan na ce tushensa a madafinsu yake, domin daga gulutamet ake haɗa shi, wato sinadarin farin magi, wanda kuma shi ne yake ba daddawa ɗanɗanonta. Na uku shi ne EDDS, mai ƙarfi a kan tagulla da baƙin ƙarfe. Na huɗu shi ne IDS, wanda ake sayarwa da sunan Baypure. Sai kuma tsofaffin hannu guda biyu: gulukonet, wanda ake samu daga sukari kuma ya shahara wajen wanke kwalabe a kamfanonin lemo, da tsamin lemo, wato shi wancan da aka ƙirƙiro EDTA domin a kore shi a 1935. Shekara 90 bayan haka, ga duniya tana komawa gare shi. Lallai da tsohuwar zuma ake magani.

Tsamin lemo na masana'anta ba daga lemo ake matso shi ba. Tun 1917 wani masani a Amurka, James Currie, ya gano cewa wani nau'in fumfuna yana samar da shi idan aka ciyar da shi da sukari. A yau da ruwan rake da sitacin masara da na rogo ake yinsa. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman rogo, ga kuma masara da rake a Arewa. Wannan ƙofa ce ta arziki ga matasanmu masu ilimin kimiyya da attajiranmu masu neman inda za su zuba jari.

Hattara da tarkuna huɗu

Ba zan zama dillalin da yake ɓoye aibin hajarsa ba. Tarko na farko shi ne ƙarfi da farashi. A ma'aunin ƙarfin riƙe kalsiyam, wanda kowane mataki ɗaya yake nufin ninki goma, EDTA yana da kimanin 10.7, MGDA yana da 7, tsamin lemo kuwa 3.5. Saboda haka ba a ɗauke wannan buhu a ajiye wancan kawai. Sai an gwada a ƙaramin ganga, an daidaita awo. Sababbin sukan fi tsada a kilo. Amma a yawancin ayyukan wanki da rini ba a buƙatar duk ƙarfin EDTA, kuma na ga wuraren da ake zuba shi da ka, ba tare da an taɓa auna ruwan ba. Wanda ya auna ruwansa, ya sa tukunyar tausasa ruwa mai aiki da gishiri, zai ga abin da yake buƙata ya ragu ƙwarai.

Tarko na biyu shi ne gudun gara a faɗa gidan zago. Akwai wani tsohon sinadari mai arha da ake kira NTA. Yana ruɓewa, amma hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa shi cikin jerin abubuwan da mai yiwuwa ne su haddasa ciwon daji. Fosfonet ma dillalai sukan tallata shi a matsayin madadi, alhali shi ma ba ya saurin ruɓewa. Hatta EDDS, nau'i ɗaya ne daga cikin nau'o'insa yake ruɓewa sarai, wanda ake yi wa alama da haruffan S,S. Araha ba ta ado.

Tarko na uku shi ne a zaci mai ruɓewa ba ya riƙe ƙarfe. Yana riƙewa, har sai ya ruɓe. Idan aka gauraya ruwan jima da ruwan rini a kwata ɗaya, ko da sabon sinadarin ne, kuromiyam zai ƙi kwanciya yadda ake so. Dole a raba magudanai: a kama kuromiyam shi kaɗai tun daga bakin ganga, sannan sauran ruwan ya shiga tafkin da ƙananan halittu za su cinye awartakin.

Tarko na huɗu shi ne a ɗauka sauya sinadari ya wadatar. Awartaki yana ruɓewa, ƙarfe ba ya ruɓewa har abada. Kamfanin da ba shi da matata, ko yake kashe ta da dare don tsimin man janareto, sauya buhu ba zai wanke shi ba. Haka nan lakar da aka kwashe, idan aka jibge ta a fili ko aka ƙone ta, kuromiyam ɗinta yana iya rikiɗewa zuwa nau'in da ake kira mai daraja shida, wanda aka tabbatar yana haddasa ciwon daji.

Doka da kasuwa

Ba a rasa doka ba a ƙasar nan. Bayan da aka jibge shara mai guba daga Italiya a garin Koko a 1988, gwamnatin soja ta kafa hukumar FEPA a wannan shekara. A 2007 aka kafa NESREA, kuma a 2009 aka fitar da ƙa'idoji na musamman domin masaƙu da kamfanonin fata da na takalma. Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne, kamfanin da yake zuba EDTA yana wahalar da kansa wajen cika iyakar kuromiyam da doka ta gindaya, kamar yadda ya faru da ni.

Kasuwa ma ta fara magana. Tun 2003 kundin Tarayyar Turai na ingantattun hanyoyin jima ya ba da shawarar a maye gurbin EDTA da NTA da EDDS da MGDA duk inda zai yiwu. Ma'aunin GOTS na tufafi ya haramta EDTA da DTPA da NTA. Tun 2005 kuma akwai ƙungiyar Leather Working Group, wadda take binciken yadda kamfanonin fata suke sarrafa ruwa da sinadarai, kuma manyan masu sayen fata suna duba shaidarta. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta yi suna a duniya tun zamanin ayarin Sahara. Abin takaici ne a ce ta rasa kasuwa saboda kwata.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Ranka ya daɗe, jama'a, ga shawarwarina guda biyar.

Na ɗaya, duk ɗan garin nan da yake odar kaya, ko ajiyarsu, ko sayar da sinadarai, ya riƙa neman takardar bayanin kowane buhu da kowace jarka, ya yi tambaya biyu: akwai EDTA ko DTPA ko NTA a ciki? Ya ci gwajin kwana 28? Dillalin da ya ga ana tambaya zai nemo abin da ake so.

Na biyu, ƙungiya ta kafa ƙaramin kwamiti na 'ya'yanta masana kimiyya da injiniyoyi da lauyoyi, ya nemi zama da Ƙungiyar Masu Masana'antu ta Nijeriya a Kano, da Ma'aikatar Muhalli ta jiha, da ofishin NESREA, da Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are. Mu je da hujja da ladabi, mu nuna wa mai kamfani inda ribarsa take: kuromiyam ɗin da ya kama kuɗinsa ne ya dawo.

Na uku, mu ware wani abu daga asusun ƙungiya domin a riƙa auna ruwan kogi da na rijiyoyi da ƙasar fadama sau biyu a shekara, da rani da damina, a Jami'ar Bayero ko Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil, a kuma buga sakamakon a wannan mujalla. Kukan da ba shi da alƙaluma ba ya nisa a ofis.

Na huɗu, cikin tallafin karatu da muke bayarwa, a keɓe gurbi ga ɗalibin da zai yi bincike a kan wannan fanni. Zariya tana da cibiyar nazarin fata ta NILEST a Samaru, da cibiyar binciken sinadarai ta NARICT a Basawa. A gwada sababbin sinadaran nan a kan ruwanmu da fatunmu, a kuma sake duba bagaruwa da tsamiya da idon kimiyya.

Na biyar, mu kai wannan bayani ga manoma da masunta da harshen da za su fahimta, ba tare da tsoratarwa ba, domin su san lokacin da ya kamata a dakatar da injin ban ruwa idan kogi ya sauya launi, su kuma san wanda za su sanar.

Kammalawa

Na yi shekaru ina sa hannu a kan abin da ban bincika ba, kuma da tambaya ɗaya tak da na kauce wa hakan. Na tabbata a cikin wannan zaure akwai wanda takarda irin wannan take jiransa a tebur ranar Litinin. Ina roƙonsa ya juya buhun ya karanta kafin ya sa hannu. Mu da muka sha ruwan kogin nan muka girma, bashi ne a kanmu mu miƙa shi ga 'ya'yan 'yan'uwanmu da suka zauna a gida yadda za su iya sha, su yi lambu, su jefa koma. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.